Tsakuwa Ta Ɓantare Maka Fentin Mota? Ga Yadda Ake Ɗige Gurbin Kafin Tsatsa Ta Kama

Duk mai bin hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko ta Abuja, ko titin bayan gari na Nnamdi Azikiwe inda tifofi da tireloli ke wuni suna kai-komo, ya san ƙarar nan: ƙwas! a gaban mota. Ka ɗaga ido ka dubi gilas, ka ga lafiya lau, ka yi hamdala ka ci gaba da tafiya. Sai ranar da yara suka wanke motar tana sheƙi a rana, ka hango wani ɗan ɗigo a goshin bonet, bai fi ƙwayar gero ba. Tsakuwa ce ta ɓantari fenti ta wuce abinta.

Yawancinmu in mun gani sai mu ɗauke kai, tunda ai mota ba ta tsaya ba. To amma fentin mota ba shi da kaurin da ido ke zato. Duk shimfiɗun da kamfani ya yi wa ƙarfen, in ka haɗa su, ba su wuce kaurin takardar littafi ɗaya ko ɗaya da rabi ba, wajen maikiron 100 zuwa 150. A can ƙasa akwai rigar da ke manne da ƙarfe tana kare shi daga tsatsa, a kanta firaima, wato shimfiɗar da kala ke kamawa a jikinta, sannan kalar da kake gani, sannan kiliya a sama, wato ruwan nan marar launi mai sa mota ƙyalli. Tsakuwar da tayar tifa ta harbo, in ta haɗu da gudun motarka, ba wuya ta huda duka huɗun. Da rani ƙarfen zai zauna a buɗe ba ka ga wani canji ba. Da ruwan farko ya sauka a Afrilu ko Mayu, sai gurbin ya yi ja. Kafin markar Agusta ta wuce, tsatsar ta bi ta ƙarƙashin fentin da ke gefe ta ɗaga shi, ya yi bororo.

In ka kai wa mai fenti, ba zai zauna yana bin ɗigo ɗaya-ɗaya ba, kuma ba laifinsa ba ne, shi feshi ya sani. Cewa zai yi a fesa bonet ɗin gaba ɗaya. Daga ranar motarka ta fita sahun abin da dillalai ke kira fes bodi, wato motar da ba a taɓa fentinta na kamfani ba, kuma duk wanda ya taɓa kai mota kasuwa ya san yadda mai saye ke shafa tafin hannu a bonet, yana neman inda aka taɓa don ya karya farashi. Fentin kamfani gasa shi aka yi a tanderu tun motar tana ƙwarya zalla, ba kujera ba waya ba roba. Babu garejin da zai maimaita maka wannan. Saboda haka in ɗigo goma ne a bonet, gara ka toshe ɗigon goman ka bar sauran yadda suke.

Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu don kada ka zage ni daga baya: wannan gyara ba ya ɓatar da tabo ɗungurungum. In ka durƙusa ka ƙura ido za ka gan shi. In ka ja da baya taku biyu, ya ɓace. Abin da ake nema shi ne ƙarfe ya rufu, ido kuma ya daina tsayawa a wurin.

Fara da sanin zurfin raunin

Goge wurin, ka jiƙa yatsa da ruwa ka shafa. In tabon ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, kiliya kawai aka ƙwarzana. Wannan ba ya bukatar fenti, folish ya ishe shi. In kuwa farcenka na maƙalewa a bakin gurbin, haska fitilar waya ka leƙa ciki. Toka-toka ko fari-fari marar ƙyalli, firaima ce, ƙarfe bai fito ba, aikinka ya zo da sauƙi. Ƙyallin azurfa, ƙarfe ne tsirara. Ja ko ruwan ƙasa, tsatsa ta riga ka isa. In a bamba ne ka ga baƙi, roba ce, ba ta tsatsa, batun kwalliya ne kawai ba gaggawa.

Gurbin da ya kai ƙwayar gero, ko dawa, har zuwa wake, naka ne. Wanda ya fi gyaɗa girma, ko inda ƙarfen ya lotsa, ko inda fenti ya riga ya kumbura, ko goshin motar da tsakuwa ta yi wa caa kamar zanzana, wannan na fanel bita ne da mai fenti. Kada ka ɓata lokacinka.

Lambar kala, da abin da ya fi lambar

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a fara ba. Mutum ya je ya ce a ba shi farin fenti, alhali fari ba ɗaya ba ne. Ka jera farar Corolla, farar Accord da farar 406 a rana ka gani: wata ta karkata zuwa ruwan madara, wata zuwa shuɗi. Kowace mota tana da lambar kalarta daga kamfani.

A Toyota, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙin. Za ka ga C/TR, haruffa ko lambobi ukun da ke biye su ne kalar. 040 fari ne zalla, 070 fari mai walƙiyar lu'ulu'u, 1F7 ruwan azurfa, 202 baƙi. Honda ma a ginshiƙin ƙofar direba take sa tata, irin su NH-578 na fari. Peugeot, wadda mu mutanen Kaduna muka tashi muna ganin ana haɗa ta a Kakuri tun 1975, haruffa uku take amfani da su, kamar EWP na fari da EZR na ruwan azurfa, a ginshiƙin ƙofa ko a ɗakin inji. Masu Golf su ɗaga shimfiɗar but, kusa da safaya, akwai takarda mai lambar da ta fara da L. Kuma in za ka faɗi lambar, faɗi sunan motar tare da ita. 040 a Toyota fari ne tas, 040 a Marsandi baƙi ne wuluk.

Sai dai lambar tana gaya maka kalar da motar ta fito da ita ne, ba kalar da ke jikinta yau ba. Motocinmu da yawa tokumbo ne, wasu an buge su tun a Amurka, aka gyara aka fesa a Kwatano ko Legas kafin su iso nan. Wadda ma ba a taɓa ba, ranar Kaduna ta shekara goma ta ɗan koɗar da ita, musamman ja da shuɗi. Maganin wannan shi ne murfin tankin mai na waje, wanda ke ɗauke da fentin motar. Galibi noti biyu ne ke riƙe da shi. Kwance shi, ka wanke, ka ɗan goge da folish don ainihin kalar ta fito, ka tafi da shi wurin masu haɗa fentin mota. Akwai su a wajejen Panteka da Ori Apata. In ba ka san kowa ba, tambayi mai fentin unguwarku inda yake sayen kayansa.

Ranar da na fara zuwa, wani dattijo na tarar a rumfa, hannuwansa duk kala-kala har gwiwa. Na gaishe shi na ce, "Baba, fenti nake so kaɗan, na ɗigawa."

Ya ce, "Alhaji, kaɗan ɗin nan kamar yaya? Kwata?"

Na zaro kwalbar turare 'yar tola daga aljihu. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi dariya har da buga cinya. Amma da ya gama, ya karɓi murfin tankin ya fita da shi rana, ya jujjuya, ya koma ya haɗa, ya ɗiga a gefen murfin ta ciki, ya jira ya bushe, ya ƙara wani ɗigon baƙi da bai kai hawaye ba, ya sake gwadawa. Da zai miƙo mini sai ya ce, "Ko wa ka je wurinsa, kada ka yarda a zuba maka hadna a ciki. In an zuba, kafin ka yi sallar isha'i ya zama dutse a kwalba."

Gaskiya ya faɗa. Hadna sinadarin da ke ƙanƙarar da fenti ne, da zarar ya haɗu da shi agogo ya fara bugawa, cikin 'yan awoyi ba sauran amfani. Kai kuwa fentin da zai yi maka shekara a ajiye kake so. Abu biyu kuma na koya daga kallonsa: a rana ake gwada kala, ba a inuwar rumfa ko hasken kwan lantarki ba, kuma sai ya bushe ake yanke hukunci, don ɗanyen fenti da busasshe ba kalarsu ɗaya ba. Kwalbar ta zama ta gilashi ko ɗan gwangwani. Tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, na narkar da wasu robobin, musamman kofin nan na shan ruwa mai laushi.

Akwai kuma alƙalamin fenti na kanti da ake shigowa da shi, mai lambar kala a jiki, wani gefe kala wani gefe kiliya. In ka tabbata fentin motarka na kamfani ne, yana aiki. Sai dai buroshin da ke cikin murfinsa, ka yi kamar ba ka gan shi ba. Zan gaya maka dalili.

Sauran kayan ba su da yawa. Ɗan firaima da 'yar kiliya daga wurin mai haɗa fentin, ka ce kiliyar da ke bushewa da kanta ba sai da hadna ba. Tina kaɗan. Sifirit daga kemis. Tsinken sakace, ko buroshin zane mafi siriri, lamba 0 ko 00. Sanfefar ruwa lamba 600, da 2000, da 3000 in ta samu. Kwamfawun, wato man goge ƙwarzane a fenti, da folish. Tef na takarda. Fensir sabo mai magogi a gindi, da gam mai kamawa nan take. Tsohuwar singileti ta auduga wankakkiya, a yayyanka. Da gwangwanin madara guda, wankakke, wanda za ka kifa ka riƙa zuba fenti a gindinsa.

Lokaci da wuri

Fenti ba ya son ƙura, ba ya son zafin ƙarfe, ba ya son laima, Kaduna kuwa kowanne da lokacinsa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke yawo a iska tana sauka kan ɗanyen fenti. A Maris da Afrilu bonet kan yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, fentin sai ya bushe a bakin tsinke tun bai shiga gurbi ba. Da damina kuwa laimar iska kan sa kiliya ta yi hazo-hazo maimakon ta fito garau. Duk da haka babu watan da aikin ba ya yiwuwa, in ka zaɓi sa'arka. Da safe, tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10, motar ta kwana ba a tayar da ita ba, a cikin gareji ko ƙarƙashin rumfar kwano. Ɗora bayan hannunka a bonet: in ba ka ji zafi ba, ba ka ji raɓa ba, ya yi. Yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar don ƙura ta kwanta. Kada inuwar mangwaro ko darbejiya ta ruɗe ka, abin da ke zubowa daga sama, na itacen da na tsuntsaye, ya fi rana ɓarna.

In so samu ne, ka yi aikin kafin ruwan farko. Kuma tina abokiyar wuta ce: ba sigari, ba murhun gawayi, ba janareta a kusa. Wurin ya zama iska na shiga tana fita, yara su yi nisa.

Wanki da cire tsatsa

Wanke wurin da ruwa da sabulu, ka ɗauraye, ka goge, ka ba shi kamar awa guda. Ruwa na maƙalewa a cikin gurbi ko da saman ya bushe. Sannan ka bi bonet ɗin a hankali, duk gurbin da ka gani ka manna ɗan guntun tef kusa da shi. Ba don kare fenti ba, don kada ya ɓace maka, domin da ka sunkuya ka ɗago sai ka rasa inda yake.

Jiƙa tsumma da sifirit ka goge kowane gurbi da kewayensa. Wannan gogewar ba ta tsallakuwa. Man ƙyallin da yaran wurin wankin mota ke shafawa yana barin maiƙo, fenti kuwa in ya ji maiƙo gudu yake, ya tattare gefe ya bar tsakiya a buɗe kamar idon kifi. Kada ka sa fetur ko kananzir, su ma maiƙo suke bari. Bayan ka goge kada ka ƙara taɓa wurin da yatsa.

In akwai tsatsa, ga dabarar. Ɗauki abin huda takarda na ofis, ka hudo 'yan da'irori daga sanfefa lamba 600, ka manna ɗaya a kan magogin fensir da gam. Kafa shi a cikin gurbin, ka murza fensirin tsakanin yatsu kamar mai burga miya, a hankali, ba tare da ya fita ya cinye fentin gefe ba. In gurbin ya yi wa fensir ƙanƙanta, tsinin allura ko ƙusurwar reza ya isa ka kankare. Duk ɓawon fentin da ya ɗago a baki, ka ɓalle shi, don abin da bai manne da ƙarfe ba ba zai riƙe sabon fenti ba. Ka ci gaba har sai ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli. In ka rufe fenti a kan jan ƙarfe, ka binne tsatsa ne da ranta, za ta ci gaba da cin abinta a ƙasa, bayan wata shida ta ɓullo. In tsatsar ta yi 'yan ramukan da sanfefa ba ta kai ba, akwai ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa, wanda ke mayar da ita baƙa. Ɗigo ɗaya, ka bi umarnin da ke jikin robar. Hure garin, ka sake gogewa da sifirit. Ƙarfen da ka kankare kada ya kwana a buɗe.

Ɗigawa ake yi, ba shafawa ba

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan na ci ƙasa a karon farko. Corolla ce ruwan azurfa. Ranar Asabar da azahar, motar tana tsakar rana na dawo daga Kawo, na buɗe kwalbar kanti, na zaro buroshin cikinta ɗauke da fenti dam, na bi gurabe bakwai ina shafawa kamar mai sa lalle. Da na ja baya na duba, sai ga ƙuraje bakwai baƙi-baƙi sun yi tudu a goshin mota, kowanne ya ninka gurbinsa uku. Da a da sai ka matso kafin ka ga tabon, yanzu daga bakin ƙofar gida ake hango shi. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, ƙyanda ta yi ne?"

Kuskuren uku ne a haɗe: ƙarfe da zafi, buroshi ya fi gurbi faɗi, kuma na so in gama a shafa ɗaya.

Ga yadda ya kamata. In ƙarfe ya fito, fara da firaima. Girgiza ta, ka zuba ɗigo biyu a gindin gwangwanin madara. Tsoma tsinin tsinken sakace, ba duka tsinken ba, tsinin kawai, yadda ɗan ƙulli kamar kan allura zai rataya a baki. Kai shi tsakiyar gurbin ka taɓa. Kada ka ja, kada ka zagaya. Fentin da kansa zai sauka ya bazu zuwa bakin gurbin ya tsaya, kamar yadda ruwa ke bin ƙasa mai gangare. Abin da ake so shi ne ƙarfe ya rufu da siririyar riga, ba a cika ramin ba. Ba ta rabin awa zuwa awa guda. In firaimar kamfani tana nan ba ta huje ba, tsallake wannan. In a bamba ne, akwai firaimar roba ta musamman, ita ke sa fenti ya kama.

Duk abin da ka ɗiga a mota, ɗiga irinsa a gefen gwangwanin. Shi ne ma'auninka: in kana son sanin ko ya bushe, gwangwanin za ka taɓa da farce, ba motar ba.

Sai kala. Girgiza kwalbar minti biyu cur, da agogo. Kaloli masu walƙiya, irin su ruwan azurfa da toka da shuɗi mai ƙyalli, garin alminiyam ne a cikinsu, kuma yakan kwanta a gindi. In ba ka tayar da shi ba, kalar da za ka ɗebo daga sama ba ta motarka ba ce. Kaurin fentin ya zama kamar madarar gwangwani. In ya kai zuma, ƙara ɗigon tina. In ya yi ruwa tsululu, bar shi a gindin gwangwani minti ɗaya ya sha iska. Sabon tsinke, ɗan ƙulli a baki, taɓa tsakiya, ɗaga.

Ɗigon farko ba zai rufe ba. Za ka ga firaima na leƙowa ta ƙasa, zuciyarka ta ce ƙara. Kada ka ƙara. Wuce gurbi na gaba, ka gama zagayen, ka je ka sha shayi. Bayan minti 20 zuwa 30 ka dawo, za ka tarar ɗigon ya lafa ya shige ciki, don rabinsa tina ce kuma ta tashi. Sai na biyu. Yawanci biyu ko uku sun isa. In ka tula da yawa lokaci guda, sama zai bushe ya yi fata, ciki ya zauna ɗanye kwana da kwanaki, daga baya ya yamutse. Tsaya tun kalar ba ta kawo bakin gurbi ba, ka bar wa kiliya wurin zama.

A jikin ƙofa ko fenda, inda ƙarfen ke tsaye, rage ƙullin ya fi na bonet ƙanƙanta, ka taɓa saman gurbin don ya gangaro da kansa. In hannu ya kuɓuce fenti ya hau gefe, goge nan take da bakin tsumma mai ɗan damshin tina, shafa ɗaya, ka bari ya sha iska ka sake. A motar da aka taɓa fesawa a gareji, gwada tinar a ɓoyayyen wuri tukuna, don takan tausasa irin wannan fentin.

Masu ruwan azurfa su yi haƙuri. A kamfani feshi ne ke shimfiɗa garin alminiyam ɗin a kwance, shi ya sa yake mayar da haske. Wanda aka ɗiga kuwa yakan tsaya barkatai, sai wurin ya ɗan fi sauran duhu ko da kalar daidai take. Iya ƙarancin ɗigon, iya kusancin kalar, kuma kada ka motsa shi da tsinke bayan ya sauka. Baƙi da fari zalla su suka fi ɓacewa. Fari mai lu'ulu'u irin 070 kuma kwalba biyu yake bukata kafin kiliya: farin ƙasa, sannan siririn ɗigon lu'ulu'un a kai.

Kiliya sai washegari. Ita ma ɗigawa ce, kuma a nan jan tsinke ya fi ko'ina haɗari, don tinar da ke cikinta na narkar da kalar ƙasa ta kwaɓe. Ɗigo ɗaya, rabin awa, wani ɗigon, har sai ta ɗan tasa sama da fentin gefe kamar raɓa a kan ganye. Za ta lafa in ta bushe. Wasu tsofaffin motoci masu fari ko ja zalla ba su da kiliya tun daga kamfani. Yadda za ka gane: shafa folish a ɓoyayyen wuri da tsumma mai wata kala daban, in kalar motar ta fito a tsumman, babu kiliya. Irin wannan sai ka cika gurbin da kala kawai har baki.

Daidaitawa, ga mai ƙarfin hali

Mutum zai iya tsayawa a nan, ƙarfe ya rufu, damina ta zo ta wuce. Ni kaina guraben da ke ƙasa-ƙasa, wajen bamba da gindin ƙofa, nan nake barinsu. Amma na saman bonet, inda haske ke faɗawa, ɗan tudun kan ɗauki ido, sai a daidaita shi.

Jira kwana uku aƙalla, mako guda ya fi. Danna farce a ɗigon gwangwani, in ya bar shaida, bai yi ba. Yanki sanfefa lamba 2000 kamar faɗin ɗan yatsa biyu, jiƙa ta minti 15 a ruwa mai ɗigon sabulu, ka naɗe ta a kan magogin 'yan makaranta mai faɗi. Kada ka yi da yatsa zalla, yatsa na lotsawa ya ci gefe ya bar tudun. Jiƙa wurin, ka goga sau huɗu ko biyar ba dannawa, ka share ka duba. Tudun zai fara yin dishi-dishi a ƙololuwa. Sake huɗu ko biyar, sake dubawa. Da zarar ka shafa yatsa ba ka ji tudu ba, tsaya. Kiliyar kamfani da ke kewaye ba ta kai rabin kaurin takarda ba, in ka huda ta babu gyara sai feshi, garin neman gira an rasa ido ke nan. A mota mai kiliya, in ka ga kalar mota a jikin sanfefar, ka riga ka wuce. A bakin bonet da kan layukan da ƙarfe ya lanƙwasa, fenti ya fi ko'ina siranta, can kada sanfefa ta je ko kusa.

Wurin zai yi hazo, kada ka tsorata. Bi shi da lamba 3000 in kana da ita, sannan ɗan kwamfawun a tsumma mai laushi, ka murza da ɗan ƙarfi minti ɗaya ko biyu har ƙyalli ya dawo, ka ƙarasa da folish. Man kakin da ake shafa wa mota don kariya kuwa, bar shi sai bayan kwana 30, fentin na ci gaba da fitar da tina a hankali. A makon farko wanke wurin da hannu, ka kuma gaya wa yaran wanki kada su kafa masa bakin injin ruwa.

In tsakuwa ta same ka tsakiyar damina ba ka da fenti a hannu, busar da gurbin, goge da sifirit, ka ari man farce marar kala wurin uwargida ka ɗiga. Zai tare ruwa na 'yan makonni. Ranar gyara sai ka kankare shi ka fara daga farko.

Ragowar fentin, goge bakin kwalbar, ka ɗaure murfin tam, ka ajiye a ɗaki mai sanyi. Kada ka bar shi a aljihun mota, zafin cikin mota a Afrilu zai dafa shi cikin mako biyu. In ya yi kauri bayan watanni, ɗigon tina da girgiza na dawo da shi. Kuma in a kwalbar turare ka zuba kamar ni, yi mata alama babba, ka ɗora ta inda hannun yara ba ya kai. Tawa na naɗe ta da jan tef na rubuta 1F7 a jiki, tun wata Juma'a da na shigo ɗaki na tarar da ƙanena sanye da farar shadda, yana kiciniyar buɗe murfin zai tafi masallaci.